Rakiyar da Kura ta yi wa Gizo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Iya.

Kura ce ta haihu, Gizo ya je barka don kwaɗayi. Ya ci ya ƙoshi, aka ƙunsa masa naman suna. Kura ta ɗauki ƙunshin ta fito rakiya.

Kun dai san yadda ake yi. Mai gida ya taka maka kaɗan, kai kuma ka karɓi kayanka ka ce, "A koma haka, na gode." Ba wanda zai tuna maka. Amma Gizo sai ya ji daɗi ana ganin Kura riƙe da kayansa.

A ƙofar gida Kura ta tsaya ta ce, "To, Gizo."

Ya ce, "Ai hira ta yi daɗi."

A gindin kuka ta sake tsayawa. "To, Gizo."

Kurciya daga sama ta ce, "Sallame ta, Gizo, mai jego ce, yunwa take ji."

Ya ce, "Ina ruwanki?"

A bakin rafi ta tsaya ta uku. Wannan karon miyaunta ne ke ɗiga a kan ƙunshin. Gizo ya tsallake, ta bi shi har tsakar gidansa.

Ƙoƙi, matar Gizo, tana ganinta ta yi maza ta shimfiɗa tabarma. Kura ta zauna a tabarmar ta ce wa Gizo, "Ɗazu kai ne baƙona, yanzu ni ce baƙuwarka. Me aka tanadar mini?"

Ranar farko aka yanka mata akuya. Ta biyu aka ba ta kaji duka.

Ƙoƙi ta raɗa masa, "Malam, tambaye ta yaushe za ta tafi."

Gizo ya ce, "Ana tambayar baƙo haka? Baƙon ma Kura?"

Rana ta uku babu ko ƙwai a gidan. Kura ta dubi 'ya'yan Gizo suna wasa, ta lashe baki, ta ce, "Ƙaramin nan ya yi ɓulɓul. Miƙo mini shi in yi masa wasa."

Nan Gizo da Ƙoƙi suka suri 'ya'yansu suka haye rufin ɗaki, suka maƙale. Har yau suna can, ba su sauko ba. Ita kuwa Kura tana nan tana zagaye bayan gari, don ba a sallame ta ba tukuna.

Saboda haka, in an karrama ku, ku san inda za ku ce ya isa, tun mai yi muku bai gaji ba.

Ƙungurus kan kusu. Wa zai raka ni in rufe ƙofar zaure?