Bandejin Jamilu

Akwai wata mata a Ƙaura Namoda, Kulsumu, a shekarun da aka fara Shari'a. Katanga ɗaya ce tsakaninta da aminiyarta Lauratu.

Wata rana Lauratu ta shigo ta zauna bakin murhu, ta ce an koro ɗanta Jamilu daga makaranta. Bandeji ya naɗa a ƙafa yana ɗingishi, ashe amsoshin jarrabawa ne a ciki, aka kwance shi gaban kowa. Mahaifinsa bai sani ba, an ce masa ciwon ido ya dawo da yaron. Ta roƙi Kulsumu ta riƙe mata.

Kulsumu ta riƙe. Ɗanta Mu'awiya kaɗai ta ba labarin, wai don ya ji tsoro.

To shi Mu'awiya ɗan wasan kwaikwayo ne. Bayan damina shi da abokansa suka fitar da fim na barkwanci kan satar jarrabawa. Bai karɓu ba. Masu sayar da kaset a kasuwar Shinkafi suka maido musu, wai murya ba ta fita, kuma ba wurin dariya.

Abin ya yi wa Kulsumu ciwo. Ta aro bidiyo, ta tara matan unguwa da hantsi, har da Lauratu, don a yaba wa ɗanta. Ita kanta ba ta taɓa kallo ba.

Ana cikin kallo sai ga Mu'awiya da bandeji a ƙafa, yana ɗingishi, yana ɗaga kafaɗa ɗaya. Gwaggo, yayar mijin Lauratu, ta matso gaban talabijin ta ce, "Wagga ai tahiyar Jamilunmu ce."

Ba wadda ta yi dariya. Kulsumu tana ganin madannin kashewa, amma ba ta danna ba. Haka aka kwance bandejin a cikin fim ɗin, amsoshi suka fito a gabansu.

Lauratu ba ta yi kuka ba. Ta gyara hijabi, ta nemi takalmanta, ta ce, "Kulsumu, mutum guda na hwaɗa ma."

Kafin la'asar magana ta kai ga uban. Aka tura Jamilu garin Jangeru kiwo, batun karatu ya mutu.

Har yau in Kulsumu ta gaishe ta ta kan katanga, Lauratu na amsawa, lahiya lau. Shi ke nan.

Darasi: 'Yar'uwa, sirrin da aka ba ki ba naki ba ne, ko ɗan cikinki kada ki ba. Ni kaina abin na ba ni tsoro, don duk muna hira gaban yara. Ku tura wa sauran iyaye mata, don Allah.