Lamba Sittin da Uku

Akwai wani babban ma'aikaci a ofishin rabon likitoci, ana ce masa Mai Jan Biro, don inda ya ja layi, can likita zai tafi. Asibitocin birni ya cika su maƙil. Na ƙauyen bayan kogi kuwa shekara bakwai ba likita, sai wata tsohuwar nas da ake kira Inna Allura.

Duk shekara sai ta zo ofishinsa roƙo, ya shanya ta a benci, sannan ya ce, "Baɗi, in Allah ya so."

Ana nan sai autarsa ta gama karatun likita, ta kafe ita bayan kogi za ta. Ya yi dariya ya sa hannu, a zatonsa sati guda sauro zai koro ta. Wata uku shiru. Uwarta ta tasa shi gaba: "Ka je ka ɗauko min 'yata."

Ya buga takardar mayar da ita birni, ya cusa a aljihu. Mota ta kai shi bakin ruwa, kwalekwale ya tsallaka da shi, ya isa wandonsa duk laka.

A ƙofa ya tarar da Inna Allura tana raba lamba.

"Ni ne mahaifin likita!"

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Kai ne sittin da uku. Ga benci."

Haka ya zauna yana huci. Dattijon da ke gefensa, wanda bai san shi ne uban likitar ba, ya shiga ba shi labari. Da, in ji shi, a amalanke ake kai mai naƙuda bakin ruwa, wata ta tsallaka, wata a dawo da gawarta. Ya nuna jaririyar da ke cinyar surukarsa: "Wannan a juye ta zo. Likitarmu ce ta fitar da ita. Allah ya yi wa ubanta albarka."

Kunya ta kama Mai Jan Biro har ya kasa cewa amin.

Sai la'asar layi ya zo kansa. Autar ta rame, amma fuskarta fes.

"Baba! Me ke damunka?"

Ya taɓa aljihu, ya janye hannu. "Auna min jini kawai."

Da ya koma gida, uwar ta leƙa bayansa. "Ina take?"

"Mutum sittin da biyu sun riga mu, Hajiya. Amma zan tura mata abokan aiki biyu, ta riƙa samun hutun zuwa ganinki."

Kafin wata ya ƙare, likitoci biyu sun tsallaka kogin.

Darasi: Kada ka jira sai naka yana wuri kafin ka ji kukan mutanen wurin. Ran na ƙauye daidai yake da ran na birni. Ku tura wa 'yan uwa, ko ya faɗa hannun wani mai riƙe da biro.