Hoton Baikon da Aka Ɗauka Babu Amarya

Akwai wata malamar firamare a unguwar Bako da ke Yola, sunanta Hadassah. Doguwa ce, baƙa mai sheƙi, ga fara'a. Iyayenta mutanen kudancin Adamawa ne. Aikin gwamnati ne ya kawo mahaifinta, Baba Apollos, Yola tun tana goye, kuma a nan ya yi ritaya.

A coci ta haɗu da Othniel, ma'aikaci a sakatariya a Jimeta. Mutum ne mai son tsari, ba ka taɓa ganin rigarsa babu karin guga. Iyaye suka gana, aka kai gaisuwa, ya sa mata zobe. Abin da ya rage kafin a buga katin biki shi ne hoton baiko, irin wanda masu shirin aure ke ɗauka yanzu su watsa a waya kowa ya gani.

Tun da aka fara maganar hoton nan Othniel ya daina zancen komai sai shi.

Shi ya zaɓi mai hoto, wani Valentine da ke da shago a Jimeta. Shi ya zaɓi wuri, bakin kogin Binuwai, a kan yashi, da yamma idan rana ta yi ja. Shi ya zaɓi atamfa, shi ya kwatanta wa tela ɗinkin, har kitson da za a yi mata shi ya nuna a waya. Da farko dariya abin yake ba Hadassah. A ranta cewa take zumuɗin ango ne, zai wuce.

Wata ranar Laraba suka je shagon Valentine don gwaji. Ya tsayar da su, ya ɗauka, ya juyo musu da kyamarar su gani. Othniel ya karɓa ya matso da fuskarta kusa, ya ƙara matsowa. Ya daɗe yana kallo.

Can ya ce, "Ba a ganinki."

Ta yi dariya. "Ga ni nan kuwa tsaye a gefenka."

"Kin yi duhu da yawa. Kin ga hoton Harrison na ofishinmu? Matarsa sai ka ce an kunna fitila. Haka za su ajiye namu kusa da nasu."

Valentine ya ce, "Oga, wannan ba wahala. Haske kawai zan ƙara. Madam ai tana da kyau."

"Ba kai na tambaya ba," in ji Othniel, bai ko ɗago kai ba.

A cikin Keke Napep, tun daga Jimeta har Bako, bai yi mata magana ba. Ita kuwa sai ta tsinci kanta tana kallon bayan hannunta, hannun da take da shi tun haihuwa, kamar yau ta fara ganinsa.

Kwana biyu bayan haka sai ga Edna, ƙanwar Othniel, ta zo gidan. Edna tana sayar da man shafawa da take haɗawa da kanta. Ta ja Hadassah ɗaki, ta rufe ƙofa, ta fito da wata 'yar kwalba daga jaka. Babu suna a jiki, babu rubutu. Man da ke ciki ruwan ɗorawa ne, yana da wani wari mai hawa kai da turare bai iya rufewa ba.

"Hamma Othniel ne ya aiko ni. Safe da yamma za ki shafa. Kafin ranar hoto ke kanki ba za ki gane kanki ba."

Hadassah ta dubi Edna da kyau. Fuskarta jawur, jijiyoyi kore sun fito a kumatunta, gaɓoɓin yatsunta kuwa baƙi ƙirin kamar ta taɓa gawayi.

"Me ke ciki, Edna?"

"Sirrin sana'a ne, amaryarmu. Ke dai ki shafa. Ko ba kya son Hamma ya yi farin ciki ne?"

Kwalbar ta kwana a ƙasan akwati. Ta sake kwana. Sai Othniel ya kira ya tambaya ko ta fara. Da ta ce tana tsoro, sai ya ce, "Ashe ƙaramin abu ma ba za ki iya yi mini ba."

A ranar ta fara shafawa.

Mamanta ta shigo ɗakin ta tsaya tana shinshina iska. "Wane irin wari ne wannan, Hadassah?"

"Maganin sauro ne, Mama."

Ba ta saba yi wa mamanta ƙarya ba, amma sai ta ji maganar ta fita da sauƙi. Wannan sauƙin ya fi warin man tayar mata da hankali.

Cikin mako guda fuskar ta fara washewa. Da Othniel ya gan ta bayan sujada, ya kama haɓarta ya juya fuskar dama da hagu, yadda ake duba kaya a kasuwa kafin a saya. Ya yi murmushi, na farko tun ranar gwajin.

"Yawwa. Yanzu kika fara zama matata."

Ta so ta ji daɗi. Amma ba ta ji ba.

Lokacin zafi ne, kuma duk wanda ya san Yola ya san abin da rana ke yi kafin damina. A aji, idan gumi ya gangaro mata sai ta ji kamar an watsa mata barkono. Ƙurar alli na taɓa kumatunta sai ƙaiƙayi. Ta koma rufe rabin fuska da gyale tana koyarwa. Wasu ƙananan ƙuraje suka feso a gefen kunnenta, suka gangaro wuya.

Ta kira Othniel. "Man nan yana ƙona ni. Zan daina."

"Alamar yana aiki ke nan. Asabar ce fa hoton. Na riga na gaya wa kowa a ofis. Ki daure."

"Othniel, da zafi."

"Zan sa Edna ta kawo miki wanda zai gyara."

Wanda Edna ta kawo ya fi na farko kauri, ya fi shi wari. Ta ce a haɗa su biyun a shafa, a bar shi ya kwana a fuska. Ta kuma tafi da rigar atamfar da tela ya gama, ta ce za ta kai guga.

Da safiyar Asabar Hadassah ta farka ta kasa buɗe ido ɗaya. Ta kai hannu fuska ta ji ba tata ba, ta kumbura, ta yi tauri, ta jiƙe. Matashin kai ya manne da kumatunta. Da ta janye shi, fata ta biyo shi.

Ihun Mama ne ya fito da Baba Apollos daga bayan gida. "Yesu! Baban Hadassah, zo ka ga yarinyarka!"

A wani ƙaramin asibiti aka kwantar da ita. Likita ta karɓi kwalaben biyu ta shinshina, ta ajiye su nesa da ita. Ta ce ƙuna ce, kuma ta yi zurfi. Ta ce Allah ya taimaka abin bai shiga idon ba. Aka wanke, aka naɗe fuskar da bandeji, aka ɗaura mata ruwa.

Wajen tsakar rana Othniel ya iso. Sanye yake da atamfar hoton, an yi masa aski, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga ɗakin. Ya tsaya daga ƙafar gado ya dube ta. Sai ya juya wajen likita.

"Likita, idan an cire wannan zanen, hoda za ta iya rufewa? Na awa ɗaya kawai."

Likitar ta dube shi sama da ƙasa, ta yi ficewarta.

Mama ta je karɓo magani, Baba yana waje. Othniel ya matso ya rage murya.

"Ga abin da za a yi. Valentine yana jira, rana ba za ta jira mu ba. Edna tsayinku ɗaya. Za ta sa rigarki da ɗankwalinki, a ɗauke mu ta baya muna kallon kogi. Ba fuskar da za ta fito. Idan kin warke sai a yi na gaba."

Hadassah ta zaci zafin ciwo ne ya sa ta ji ba daidai ba. Leɓɓanta sun kumbura, da ƙyar maganar ta fito.

"Kada ka yi."

"Ba wanda zai gane. Ni ba zan zama abin dariya a ofis ba. Ki huta."

Ta bi bayansa da ido ɗayan da ke buɗe har ya fita. Bai waiwayo ba. Ta kwanta tana jin ruwan na ɗiga, tana tunanin rigarta a can bakin kogi, a jikin wata, hannunsa a kafaɗarta. Ba ta yi kuka ba, don hawaye ma ƙona ta yake yi.

Da yamma 'yan zumuntar mata na cocinsu suka zo dubiya, shugabarsu Mama Edith a gaba. Suka kewaye gadon suka yi waƙa a hankali, suka yi addu'a. Ba su tafi ba sai da rana ta faɗi.

Washegari Lahadi, ana fitowa daga sujada, hoton ya bazu a wayoyi. Ga Othniel da mace cikin atamfa iri ɗaya, sun juya baya, rana ja a kan ruwa. A ƙasa ya rubuta: "Ni da Hadassah tawa, jiya a bakin Binuwai."

Aka miƙa wa Mama Edith waya don ta taya murna. Ta gyara tabarau.

"Jiya? Wace jiyan? Jiya da yamma hannun Hadassah yana cikin nawa a asibiti."

Matan suka taru a kan wayar. Wata ta matso da hoton wajen ƙafa, inda iska ta ɗan ɗaga zanen. Ga tabon ƙunar salansar mashin a ƙwauri, tabon da duk 'yan matan ƙungiyar mawaƙan coci suka sani.

"Wannan ai Edna ce!"

Kafin a gama share cocin labari ya tsallaka Jimeta. Othniel ya goge hoton, amma mutane sun riga sun adana. A ofis ba a kiran sunansa sai a ce angon ƙanwarsa. Dattawan ikilisiya suka kira shi zama. Matan da suka sayi man Edna suka yi ta zuwa ƙofar gidansu suna dire mata kwalabe.

Hadassah ta dawo gida bayan an sallame ta. Likita ta gaya mata gaskiya, cewa fatar za ta rufe, amma wasu tabon za su daɗe, wasu ma ƙila ba za su tafi ba. A tsakar gida ta durƙusa gaban Mama ta gaya mata komai. Mama ba ta yi faɗa ba. Ta jawo kan Hadassah ta ɗora a cinya, ta daɗe tana shafa kitsonta.

Ana nan sai ga Othniel da wani bappansa, sun zo ba da haƙuri. Baba Apollos ya sa musu kujeru a ƙarƙashin dalbejiya. Bappan ya yi doguwar magana a kan kuskure da yafiya. Othniel ya ce shaiɗan ne, ya ce sunansa ya ɓaci a gari, ya ce idan aka fasa auren ba zai iya ɗaga kai ba.

Baba Apollos ya ce, "Ba ni aka ƙona ba. Ku jira mai fuskar."

Hadassah ta fito babu gyale. Kumatunta dabbare-dabbare, wani wuri ja, wani fari, wani baƙi. Ta gaida bappan da ladabi. Othniel ya ɗago ya dube ta sau ɗaya, ya yi saurin mayar da ido ƙasa.

"Othniel, na ji duk abin da ka faɗa daga ɗaki," ta ce. "Na ji ofis, na ji gari, na ji sunanka. Ina ta jira in ji ka tambayi Baba yaya jikina. Har ka gama ban ji ba."

Ya buɗe baki. Sai ta ci gaba.

"Na yafe maka, don ni ma da hannuna na shafa. Amma wannan fuskar da ka kasa kallo yanzu, ita zan tashi da ita kowace safiya. Ba zan kai ta gidan da za a riƙa kawar da kai ba."

Ta zare zoben ta ɗora a tafin bappan, ta rufe masa yatsu da hannu biyu.

Bappan ya daɗe yana kallon hannunsa. Sai ya miƙe, ya dafa kafaɗar Othniel ya ce, "Tashi mu tafi. Yarinyar nan ta fi mu gaskiya."

Ranar Litinin Hadassah ta koma makaranta, fuska a buɗe. Yara suka zuba mata ido da ta shigo. Ta ajiye jakarta ta ce, "Ku kalle ni da kyau, ku ƙoshi. In kun gama, sai mu buɗe littafin lissafi."

Darasi: Wanda ya ce sai kin canja halittarki kafin ya tsaya kusa da ke a hoto, ba ke yake so ba, idon mutane yake so. Ki lura da yadda yake yi ranar da kike cikin ciwo, don a nan ake gane miji, ba a bakin kogi ba. Kada ki shafa wa jikinki abin da ba ki san me ke ciki ba don ki burge kowa. Ku kuma samari, hoto na kwana kaɗan ne, mutum kuwa na rayuwa ne. Ku tura wa ƙannenku da ƙawayenku masu shirin aure, wataƙila akwai wadda kwalbar ke ƙasan akwatinta yanzu.