Mai Ɗaura Murfin Mota da Ƙanensa

Ya 'yan uwa, ku ba ni aron kunnuwanku. An yi wani mutum mai sana'ar hannu, aikinsa ɗaura wa motocin a-kori-kura murfi a baya. Kun san irin murfin nan na fallayen ƙarfe marasa nauyi da ke gudu a kan layi biyu. In an tura shi ya naɗe kamar asabari, in an jawo shi ya rufe kaya ruf, ya datse da kansa. Wannan ce sana'arsa, kuma wallahi ya iya ta. In ya ɗaura murfi ya bi gefe da roba, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, ɗigo ba ya taɓa kayan mutum.

Ba ya shaye-shaye, ba ya neman mata, sahun gaba ba ya wuce shi. Ciwonsa ɗaya ne, mugun zato. In ka gaishe shi da fara'a, ya ce akwai abin da kake nema. In ka wuce ba ka gan shi ba, ya ce raini ne. Goggonsu ma, wadda ta raine su shi da ƙanensa bayan rasuwar iyayensu, ba ta tsira ba. Wata rana ta faɗa masa gaskiya a kan halinsa, ya ce zuga ta aka yi. Ya ɗauke ƙafa daga gidanta, ya hana a ambace ta a gabansa.

Ƙanen nan shi ke taya shi aiki a shago. Mutum ne mai sanyin hali, in Yaya ya yi faɗa sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ɗaure noti. Sai ya zamana wasu ranaku, da hantsi, yakan ɗauki motar shago ya ce yana da uzuri, ba ya dawowa sai bayan la'asar. Tambaya ɗaya da ta wadatar. Amma mai zato ba ya tambaya, don gani yake ya riga ya san amsa. Nan da nan ya yanke hukunci a ransa: yaron nan janye masa masu kawo aiki yake yi, yana zuwa yana ɗaura musu murfi a ɓoye, zai buɗe nasa shagon ya bar shi da ƙudaje. Abin ya hana shi cin abinci. Matarsa ta ce ya kira ɗan'uwansa su zauna, ya ce ashe da ita a ciki.

Ran nan sai Shaiɗan ya ba shi shawara, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu. Ya jira har ƙanen ya ce zai fita, ya shiga bayan shago wanke hannu. Shi kuma ya jefa wayarsa a aljihun tebur don kada ta yi ƙara ta tona shi, ya haye bayan motar, ya kwanta rigingine tsakanin akwatin kayan aiki da safayar taya. Ya jawo murfin a kansa, ya bar 'yar kafa kamar faɗin yatsa biyu don ya sha iska, in an isa kuma ya tura ya fito ya kama ɓarawo dumu-dumu. Babban mutum, mai iyali, da furfura a gemu!

Abin da ya manta shi ne tarbiyyar da shi kansa ya yi wa ƙanen. Shekara da shekaru yana yi masa tsawa cewa ba a tayar da mota da murfi a sake, don girgiza tana lalata layin. Ƙanen ya fito, ya ga kafar nan, ya sa hannu ya ƙarasa ja. Ƙas! Murfi ya datse. Duhu ya rufe shi. Makullin yana waje, hannun ƙofar baya yana waje, kuma babu wanda ya fi shi sanin cewa ba a buɗe wannan murfi daga ciki.

A lokacin nan da ya buga ƙarfen sau ɗaya, da magana ta ƙare. Amma me zai ce? Ya ce barci ne ya kwashe shi? Bai buga ba, aka tayar da mota.

Aka yi tafiya, kowane rami yana buga ƙeyarsa da ƙarfe. Can motar ta tsaya. Ya kasa kunne yana jiran muryar mai kawo aiki. Sai ya ji ƙarar sanda a ƙasa, da wani tari da ya sani tun yana ƙarami. Goggo ce. Ashe ƙodarta ta daina aiki, ƙanen ne ke kai ta asibiti wankin ƙoda, ya zauna da ita har a gama. Tagar bayan kan motar a buɗe take, yana jin su sama-sama ta cikin ƙarfe.

Goggo ta ce, "Yau ma yayanka ne ya ba da motar?"

Ƙanen ya ce, "Shi ne, Goggo. Ya ce a gaishe ki, aiki ne ya riƙe shi."

Ta ce, "Na san zuciyarsa ba ta da mugunta. Allah ya yi masa albarka, ya rufa masa asiri."

Ya 'yan uwa, ina tambayar ku, wane hannu ne zai ɗagu ya buga ƙarfe bayan wannan magana? Kunya ta danne shi fiye da murfin. Ya ce a ransa bari a isa, in Goggo ta shiga ciki sai ya kira ƙanensa a asirce. Har a nan, ku duba, mutuncinsa yake lissafi, ba ransa ba.

Aka isa asibiti. Babu wuri a inuwa, ƙanen ya kai motar can ƙarshen fili, jikin katanga, inda rana ke dukan siminti. Ya kama hannun Goggo suka tafi, bai dawo ba, don ba a barin mai wankin ƙoda ita kaɗai.

Rana ta take. Ƙarfen da ke saman hancinsa ya ɗauki zafi har ba ya taɓuwa. Ba ya iya zama, ba ya iya juyawa sosai, gwiwarsa na tokarar murfi. Gumi ya jiƙa shi sharkaf, daga baya gumin ma ya ƙafe. Ya lalubi gefe yana neman inda iska ke shigowa, sai ya ji roba ta kama ko'ina gam, aikin hannunsa mai kyau. Yanzu kam ya yi bugu. Ya buga da hannu, ya buga da ƙafa, ya kira sunan ƙanensa har muryarsa ta dishe. Wa zai ji? Injin wutar asibitin yana ta ruri a bayan katangar nan. Ya yi kuka irin na yaro, ya kira Goggo, ya yi salati, harshensa ya bushe ya manne. Likitoci suna nan kusa da shi, jifa ɗaya, amma babu wanda ya san da mutum a wurin.

Bayan la'asar suka fito. An ba su kwalin magani, ƙanen ya zo sa shi a baya. Ya murɗa makulli, ya tura murfi, sai ga yayansa a kwance, ido a kafe, kumfa a baki. Goggo na tsaye da sandarta. Ta tambaya me ya kai shi ciki. Ƙanen ya fashe da kuka. Ba ta sake tambaya ba, ta gane, don ta san halin yayan.

Bai mutu ba. Amma zafin ya taɓa ƙwaƙwalwarsa, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Hankalinsa kuwa yana nan garau, yana jin komai, yana gane kowa. Goggo ta sa aka kai ta bakin gadonsa, ta dafa goshinsa. Ya yi ta motsa baki yana so ya ce ta yafe masa, sai yawu kawai ke zuba. Ba ta daɗe ba ta rasu, bai faɗa ba. Yau ƙanen da ya kira ɓarawo shi ke juya shi a kan katifa, shi ke yi masa wanka, shi ke ciyar da 'ya'yansa. Bai taɓa yi masa gori ba, kuma wannan ya fi komai ci masa rai.

To, ya 'yan uwa, wa ya rufe mutumin nan? Ba ƙanensa ba ne. Zato ne ya kwantar da shi, girman kai ya hana shi bugawa tun ana iya jin sa. Allah ya hana mu mugun zato, ya hana mu bin diddigin juna, ba don ya ƙuntata mana ba, sai don ya san inda suke kai bawa. In zuciyarka ta raya maka wani abu game da ɗan'uwanka, je ka tambaye shi ido da ido. In kuma ka riga ka yi kuskure, yi magana yau, ka sha kunyar ta wuce. Akwai wanda ka yanke wa zumunci, kana cewa sai wata rana? Harshen nan da kake taƙama da shi aro ne, ba ka san ranar da za a karɓe shi ba.

Allah ya wanke zukatanmu daga zato, ya ba mu ikon neman gafara tun bakinmu na motsi. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.