Allurar da Kashim Ya Hana a Yi wa Baba Kura

Akwai wani dattijo a Kazaure mai suna Baba Kura, ɗan asalin Borno, wanda ya shekara talatin yana fataucin gyaɗa a kasuwar Roni. Babban ɗansa Kashim ne mai faɗa a ji a gidan. Ya yi boko mai zurfi, kuma ba ya son a nuna masa akwai abin da bai sani ba.

Da damina ta kankama, Baba Kura ya fara ramewa. Idanunsa suka yi ɗorawa, ciwon ciki yana ratsa shi har gadon baya. Aka kai shi Kano aka yi hoto, aka ga ƙari a wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas.

Likita ya ce, "Hoto ya nuna ƙari, amma bai faɗa mana ko na mene ne ba. Za mu sa Baba barci, mu zura siririyar roba mai na'urar hoto ta maƙogwaro har cikin tumbi. Daga can sai 'yar allura ta gutsuro tsoka kamar silin zare, a kai ɗakin gwaji. Ba yanka, ba ɗinki."

Kashim ya girgiza kai. "Na karanta a waya, wannan ciwon daji ne. Shi kuwa daji, ƙarfe na taɓa shi sai ya bazu. Ba da ubana za a koyi aiki ba."

Tsohon ya dube shi ya ce, "Duk yadda ka gani, Kashim."

Suna dawowa gida, maƙwabciyarsu Christy ta shigo dubiya. Nas ce, a unguwar ta tashi, ita ma Baba take kiran tsohon.

"Yaya Kashim, don Allah ka bari a ɗebi tsokar nan. Ba kowane ƙari ne daji ba. Sai an san ciwo ake sanin maganinsa."

"Ke da aikinki bai wuce awon masu ciki ba, ke ce za ki koya min?"

Ta sunkuyar da kai ta fita.

Wata huɗu Kashim yana zarya tsakanin Gwiwa da Babura, yana kawo jiƙo da sassaƙe. Baba Kura ya daina zuwa masallaci, ya koma sallah a zaune, daga baya a kwance. Ƙafafunsa suka kumbura, ko kunu ya sha sai ya dawo.

Ranar da ya kasa gane matarsa Hajja Kaka, ta riƙe rigar ɗanta tana kuka. "Kashim, ka ji tsoron Allah, ka mai da shi asibiti."

Aka mai da shi Kano. Aikin da aka yi ta gudunsa bai kai rabin awa ba. Bayan kwana biyar likita ya kira Kashim ofis.

"Ba daji ba ne. Ƙwayar tarin fuka ce ta zauna a wurin. Da magani kawai ake warkewa."

Kashim ya miƙe tsaye. "Alhamdulillahi! To a fara yau mana."

Likita ya ce, "Hantarsa da ƙodarsa sun riga sun lalace, ba za su ɗauki maganin ba. Da a wancan zuwan ne..."

Kwana tara aka ƙara, Baba Kura ya cika.

A zaman makoki, 'yan kasuwar Roni suka yi ta zuwa suna riƙe hannun Kashim. Wani tsohon abokin marigayin ya ce, "Kai kam ka yi wa mahaifinka hidima. Allah ya ba ka masu yi maka yadda ka yi masa."

Jama'a suka amsa da amin. Kashim ya buɗe baki, amin ɗin ta ƙi fitowa.

Darasi: Karatun waya ba ya mai da mutum likita, kuma girman kan mai jinya a jikin majinyaci yake ƙarewa. Idan likita ya nemi a ɗebi tsoka don gwaji, a yi tambaya har a gamsu, amma kada a gudu. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai jinya a gidan wani.