Ludayi Ɗari na Tungar Gawo

"Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne!"

"Ta zo mu ji ta, Inna!"

Wani ƙauye ne wai shi Tungar Gawo, can bayan fadama. Ba titi, ba mota, sai 'yar siririyar hanyar ƙafa. Kurege yana noman tumatir a can. Kwana biyu yake tafiya da kwando a ka, kafin ya isa kasuwa tumatir ya zama miya, yana zuba masa a wuya. Abin yana ci masa rai, wallahi.

Ran nan aka yi shela: duk ƙauyen da ya kai mutum ɗari, sarki zai sa a yi masa titi. Malam Zalɓe ne mai ƙirga, kuma sau uku kawai zai zo.

Kurege ya yi tsalle. Gwaggo Zabuwa kuwa, mai 'ya'ya talatin, ta ce, "A'aha! Ba a ƙirga mini 'ya'ya. Kambun baka kake so ya kama su?" Duk gari suka ce gaskiyarta.

Zalɓe ya zo na farko. Kowa ya faɗa rumbu, tsit! Kunkuru kaɗai ya tarar a fili, don bai iya gudu ba.

Zalɓe ya ce, "Mutum ɗaya. Shi ma ya ɓoye kai."

Ya zo na biyu, aka sake ɓuya. Kurege, ɗan banza mai wayo, ya ari huluna. Ya leƙo ta wannan danga da jar hula, ya zaga ya leƙo ta waccan da fara. "Sannu da zuwa, Malam! Barka da rana, Malam!"

Zalɓe ya miƙa dogon wuyan nan nasa ta saman danga, ya ce, "Hula goma, wutsiya ɗaya. Kurege, saura zuwa ɗaya fa."

Kunya ta kama Kurege kamar ya nutse. Ya zauna ya yi tagumi, sai ga dabara ta faɗo masa. Ranar zuwa na uku, tun da safe ya dama kunun tsamiya randa uku, ya zuba zuma. Ya hau kan turmi ya ce, "Jama'a, kunu sadaka! Kowa ya zo da ludayinsa, ba aro!"

Kai, yara, wa ke ɓuya wa kunu? Garin ya fito kaf, har masu ciwon baya. Da suka sha suka yi nak, Kurege ya ce, "Ku bar ludayan a gindin gawo, ni zan wanke."

Sai ga Zalɓe tafe. Kowa ya arce rumbu.

Kurege ya ce, "Malam, kada ka ƙirga kowa. Ludayi za ka ƙirga."

Gwaggo Zabuwa ta ɗaga murya daga cikin rumbu. "Wannan kam ƙirga! Baki ba ya kama ludayi."

Zalɓe ya shiga ɗaga su da baki, ɗaya bayan ɗaya. Kurege ya jefa nasa a kai.

"Casa'in da tara," in ji Zalɓe. "Ba ku kai ba."

Kurege ya shiga neman cikon na ɗari. Ya leƙa cikin randa, ya duba ƙarƙashin turmi, babu. Zalɓe ya buɗe fiffike zai tashi ke nan, sai suka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Kunkuru ne yake jan ludayinsa, tun safe yake hanya.

"An bar mini kunun kuwa?"

Zalɓe ya ce, "Ɗari cif!"

Kurege ya rungume Kunkuru, ya kankare masa gindin randa uku. Kafin damina aka shimfiɗa titi, mota ta shigo har gindin gawo, tumatir ya isa kasuwa jajur, ko ɗaya bai fashe ba.

Shi ya sa har yau za ku ga kurege ya gilma titi da gudu, ya tsaya cak a kan ƙafa biyu, yana duba gabas da yamma. Titinsa yake dubawa, ko yana nan lafiya.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu! Wanda ya yi gyangyaɗi, ba a ƙirga da shi ba.