Gurbin da Babu Wadda ta Rubuta

Akwai wata budurwa a Yelwan Yauri ana ce mata Yasira. 'Yar gungu ce, wato tsibiran nan da ke tsakiyar ruwa, amma shekara tara rabonta da taka kwalekwale.

Tana da shekara goma sha uku naƙuda ta tsananta wa Innarta, Hansatu, a Gungun Tsamiya. Garin ba shi da ungozomar asibiti. Aka ɗora ta a kwalekwale za a kai ta Yelwa, kanta yana kan cinyar Yasira. Ana hango kwanukan rufin Yelwa suna walƙiya cikin rana, rai ya yi halinsa.

Tun ranar Yasira ta zauna wurin gwaggonta a cikin gari. Ko kifi aka aike ta saye a bakin ruwa, kanta a sunkuye take zuwa, a sunkuye take dawowa.

Da ta girma, wata ƙungiya mai kula da lafiyar mata ta ɗauke su su goma sha biyu, ta koya musu aikin ungozoma shekara biyu. Sai dai gurbin aiki huɗu ne kacal: Yelwa, Birnin Yauri, Wara, da Gungun Tsamiya.

Mai kula da shirin, Malam Andarawus, dattijo ne mai tabarau a kan hanci. Kafin jarrabawa ya raba musu takarda mai layi uku, ya ce:

"Kowa ta rubuta inda take so, na ɗaya, na biyu, na uku. Wadda ta zo ta ɗaya a jarrabawa ita za a fara ba zaɓinta, sannan ta biyu, haka har gurbi ya ƙare. Inda ba ki rubuta ba, ba a tura ki. In duk abin da kika rubuta an riga ki, kin tashi a tutar babu. Jerin nan ba ya da ƙanwa, ba ya da 'yar uwa."

Yasira ta rubuta Yelwa da manyan baƙaƙe. Ta yi karatu kamar mai gudun wuta, don ta san ta ɗaya ce kaɗai ba wadda za ta riga ta Yelwa.

Ranar Litinin aka manna sakamako a jikin allo. Yasira ta ɗaya. Zipora ta biyu. Tabawa ta uku.

Tabawa, wadda bakinta ba ya hutawa, ta rangaɗa guɗa. "To, sarauniyar Yelwa! Ke da lantarki da ruwan leda mai sanyi. Mu kuwa talakawa sai mu kama hanyar Birnin Yauri mu ci dawa."

Kowa ya yi dariya, ban da Zipora.

Zipora ta girme su duka. Ita ce ke zuwa aji a makare kullum, hannunta yana warin sabulu. Yasira ta bi ta da ido har ta shiga ofishin Malam Andarawus. Ƙofar ba ta rufu sosai ba, magana tana fitowa.

"Ranka ya daɗe, Yelwa kaɗai na rubuta."

"Na gani, ɗiyata. Layi biyu kika bari fari fat. Mi ya sa?"

"Mamana ɓarin jikinta ya shanye. Ni ke juya ta, ni ke mata wanka, ni ke ba ta kunu a baki. In na rubuta Wara, ƙarya na yi, ba zan iya zuwa ba. Na ɗauka zan zo ta ɗaya."

Malam Andarawus ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa.

"Maki biyu ne tsakaninku. Amma in na karya layi saboda hawayenki yau, gobe zan karya shi saboda ɗiyar mai kuɗi. Ba ni da iko. Wadda ke samanki ce kaɗai za ta iya canja zaɓinta, kafin azahar ranar Alhamis. Kuma ban yarda ki roƙe ta ba."

Zipora ba ta roƙa ba. Da ta fito ma sai ta kama hannun Yasira ta ce, "Barka, ƙanwata. Kin ci, kuma da guminki kika ci." Ta hau babur ɗin kabukabu ta wuce.

Ranar Laraba da hantsi Yasira ta je gidansu Zipora, ta ce littafi ta kawo. Ta iske ta a tsakar gida ta jingina tsohuwa a ƙirjinta, tana taje mata furfura, tana yi mata waƙar coci a hankali. Tsohuwar ba ta iya magana, sai dai yatsun hannunta mai lafiya suna bin waƙar a kan tabarma.

Yasira ta tsaya a bakin zaure. Ita ta san nauyin kan uwa a jikin ɗiya. Ta ajiye littafin ta fita ba ta ko sha ruwa ba.

Ranar Alhamis, ana shirin kiran azahar, ta shiga ofis.

"Malam, ina son takardata."

Ya miƙa mata. Ta ja layi a kan Yelwa.

"Kin yi tunani?" in ji shi. "To, ke ce ta ɗaya, ko'ina naki ne. Rubuta Birnin Yauri. Tabawa ta matsa Wara, ta huɗu ta haƙura. Ke ba ruwanki da ruwa."

Ta ɗora biro a kan takarda. Sai idonta ya faɗa kan babban jadawalin da ke teburinsa. Ƙarƙashin Yelwa sunaye sun cika. Birnin Yauri haka, Wara haka. Ƙarƙashin Gungun Tsamiya kuwa babu ko ɗigo.

"Malam, wanga gurbin fa?"

"Babu wadda ta rubuta shi. Haka zai zauna sai baɗi, in an samu."

Sai baɗi. Yasira ta tuna mata nawa ne za su yi naƙuda a gungu kafin baɗi, da yara nawa za su riƙe kan uwayensu a cinya suna hangen kwanukan Yelwa.

Ta rubuta: Gungun Tsamiya.

Malam Andarawus ya dube ta ta saman tabarau. "Ke da aka ce ko gada za ki haye sai kin rufe ido?"

"Zan rufe, Malam. Ai ba ni zan tuƙa ba."

Da Zipora ta ga sunanta a Yelwa, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da gyale. Tabawa ta ce, "Yasira, ke kam an yi ki da wata irin ƙasa. Kin samu tuwo kin zaɓi ƙanzo."

Yayanta Sahabi, masunci, shi ya zo ɗaukarta. Tun daga gaɓa har gungu idonta a rufe, tana salati, hannunta ya ƙanƙame gefen jirgi.

Ta fara aiki a ɗaki ɗaya mai gado biyu. Tana awon ciki, tana faɗa da tsofaffi a kan jiƙe-jiƙe, tana karɓar haihuwa. Ko hutu ya zo ba ta hayewa, don ba ta son ruwan.

Bayan wata bakwai, cikin damina, Tamada matar Sahabi ta haihu da rana tsaka. Mace aka samu, lafiyayya. Ana cikin murna jini ya ɓalle.

Yasira ta yi mata allura, ta danna mara, ta ɗaura ƙarin ruwa. Jinin ya ragu amma bai tsaya ba. Leɓen Tamada ya fara fari. Yasira ta ɗauki waya.

"Anti Zipora, Tamada ce, matar yayana, jini take bukata. Muna tahowa."

"Ku taho. Kada ki tsaya gaishe ni, taho!"

Sahabi ya tayar da injin jirgi. Iska ta taso, igiyar ruwa tana marin katako. Yasira ta zauna a tsakiya, kan Tamada a cinyarta, hannu ɗaya yana danne da mara, ɗayan yana ɗage da ledar ruwa. A wannan karon babu halin rufe ido. Tana kallon ɗigon ruwan, tana kiran sunan Tamada, tana ce mata, "Ki yi mini magana, wane suna za ki sa mata?"

Can sai ga kwanukan Yelwa suna walƙiya. Daidai wurin nan ne Innarta ta cika. Yasira ta dubi fuskar Tamada. Ta sunkuya ta kasa kunne a bakin Tamada.

Tana numfashi.

A bakin gaɓa Zipora na tsaye cikin fararen kaya, ruwa har gwiwa, ga keke mai ƙafa uku ta tsayar yana jira. A gwiwar hannunta akwai auduga manne. Ashe tun da aka kira ta ta duba katin gwajin jinin Tamada da ke asibitin Yelwa, ta ga jininsu iri ɗaya ne, ta kwanta aka ɗiba. Likita ma ta riga ta tsayar da shi.

Kafin la'asar Tamada ta buɗe ido tana tambayar ɗiyarta.

Yasira ta kama hannun Zipora, hawaye yana zubo mata. Zipora ta goge mata hawaye da bakin gyalenta.

"Haba ƙanwata. Kin bar mini uwata. Leda ɗaya ta jini ce za ki yi wa kuka?"

Ranar suna aka raɗa wa jaririya Hansatu.

Da za su koma gungu, ruwa ya kwanta luf kamar an shimfiɗa shi. Da suka zo daidai wurin nan, Yasira ta ce wa Sahabi ya rage gudu. Ta sauke hannunta a hankali cikin ruwan, ta bar shi yana bi ta tsakanin yatsunta.

"Inna," ta ce, "yau mun isa da ita."

Darasi: Ka yi ƙoƙari ka zo na ɗaya, wannan haƙƙinka ne, kuma kada a karya layi don kowa. Amma in Allah ya sa ka a gaba, ka waiwaya ka ga wanda ke bayanka, ka kuma duba gurbin da kowa ya guda, wataƙila can ne aka fi jiranka. Alherin da ka bari a gaɓa, shi zai tarye ka ranar da jirginka ya zo da nauyi. Ni mai rubuta wannan, tawa Innar ba ta isa gaɓa ba. Ku yi mata addu'a, ku kuma tura labarin nan ga duk wanda aka miƙa wa takardar zaɓi a hannu.